Tarihin Dakta Dushen, Likitan da Ya Yi Yawo da Akwatin Lantarki

A wannan karon mun leƙa ƙasar Faransa, mun ɗauko muku tarihin wani likita da ya rasu tun shekarar 1875. Cikakken sunansa Guillaume Benjamin Amand Duchenne. Sunan yana da wuyar faɗa, amma na ƙarshen ana furta shi Dushen, kuma haka za mu riƙa rubuta shi don sauƙin karatu.

Ga dalilin da ya sa muka zaɓe shi. Wannan mutum ya yi shekara 33 yana bincike a birnin Paris, amma babu asibitin da ya ba shi muƙami, babu jami'ar da ta ba shi kujerar koyarwa. Duk da haka, a yau duk wanda zai zama likita sai ya haɗu da sunansa a cikin littafi. Akwai cutar tsoka da ke kama yara maza wadda ake kira da sunansa, har ma akwai wani irin murmushi da ake kira da sunansa. Rubutun yana da ɗan tsawo. Wanda bai gama ba kafin a kaɗa ƙararrawa, ya dawo ya ƙarasa lokacin hutun tara, domin ƙarshensa ya shafe mu duka.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Dushen ranar 17 ga Satumba, 1806, a wani gari mai suna Bulon, wanda ake rubutawa Boulogne. Garin yana bakin teku ne a arewacin Faransa, a gaɓar mashigin ruwan da ya raba Faransa da Ingila. Danginsa masunta ne da matuƙan jiragen ruwa. Mahaifinsa kyaftin ne na jirgin ruwa, jarumi, har Napoliyon ya ba shi lambar girmamawa. Hausawa kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma abin da mahaifin ya so ke nan. Amma shi yaron hankalinsa yana ga karatu.

Ya yi karatu a garin Douai, ya gama yana ɗan shekara 19. Daga nan ya tafi Paris ya shiga karatun likitanci. A cikin malamansa har da Laennec, mutumin da ya ƙirƙiro abin nan da likitoci ke rataya wa a wuya suna sauraren ƙirji da shi. Dushen ya kammala a 1831, kuma rubutun da ya gabatar na kammalawa a kan ƙuna ne. Sai ya koma garinsu ya soma duba marasa lafiya kamar kowane likitan gari.

Jarrabawar da ta same shi

Bayan komawarsa gida ya yi aure. Ba a daɗe ba matarsa ta haihu, ta sami ɗa namiji, amma zazzaɓin bayan haihuwa ya kama ta, ta rasu. A wancan zamani wannan zazzaɓi yana kashe masu jego da yawa a Turai, saboda ba a riga an gane cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi ba. Da yake Dushen ne ya karɓi haihuwar, sai surukarsa ta ɗora masa laifi. Dangin matar suka riƙe jaririn, suka raba shi da ubansa na shekaru masu yawa.

Mutum ya rasa mata, an raba shi da ɗa, sannan ga zargi a gari. Dushen ya shiga baƙin ciki ƙwarai. A cikin wannan hali ne, wajajen 1835, ya soma gwada amfani da lantarki a jikin marasa lafiya, kuma abin da ya riƙe ke nan har ƙarshen rayuwarsa.

Yadda jiki ke motsi

Kafin mu ci gaba, bari mu tuna darasinmu na kimiyya, don a gane abin da yake nema. Idan za ka ɗaga hannu ka amsa tambaya a aji, ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni. Saƙon ya bi ta laka, wadda ke cikin ƙashin baya. Daga laka ya bi ta jijiyoyi har ya isa tsoka. Jijiyoyin da muke nufi a nan su ne masu kai saƙo, ban da masu kai jini. Da saƙo ya isa, sai tsoka ta tsuke, ta ja ƙashi, hannu ya tashi.

Abin ya yi kama da wutar gida. Idan ƙwan lantarki ya ƙi kamawa, wataƙila taransifoma ce ta lalace, wataƙila waya ce ta tsinke, wataƙila kuma ƙwan ne ya mutu. A ido duk ɗaya ne, ɗaki ya yi duhu, amma gyaran kowanne daban ne. Haka shanyewar jiki take. A zamanin Dushen, idan hannu ko ƙafa ta daina motsi, yawanci sai a ce ta shanye, a tsaya nan. Shi kuwa so yake ya san inda matsalar take: a ƙwaƙwalwa ne, ko a laka, ko a jijiya, ko a tsokar kanta.

Akwatin lantarki

Kafin Dushen, masu gwada lantarki a jikin mutum allura suke sokawa cikin nama, sannan su saki wuta ta cikinta. Hanyar tana da zafi, tana kuma barin rauni. Dushen ya gano cewa ba sai an huda fata ba. Idan aka sa jiƙaƙƙen soso a bakin ƙarfe biyu, aka ɗora su a kan fata daidai saitin tsoka, wutar takan ratsa ta isa tsokar, ta sa ta tsuke ko da mai ita bai yi niyya ba.

Ya haɗa na'urarsa da kansa. Akwati ne da ake iya ɗauka a hannu, a ciki akwai batir da naɗaɗɗiyar waya, wutar kuma 'yar kaɗan ce da yake iya ragewa ko ƙarawa. Ya raɗa wa wannan hanya suna daga sunan Faraday, masanin Ingila da ya gano a 1831 yadda ake samun lantarki daga maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya.

Amfanin na'urar shi ne tana iya motsa tsoka ɗaya tak, ta bar na kusa da ita. Ta haka yake ganin aikin kowace tsoka da idonsa a jikin mai rai. Ta haka kuma yake gwada tsokar da ta shanye. Wata takan amsa wutar, wata takan amsa kaɗan, wata ba ta amsawa sam. Wannan bambanci shi yake nuna masa irin cutar.

A nan muna jan kunnen 'yan'uwa, musamman masu son ƙere-ƙere. Wutar akwatin Dushen aunanniya ce, kuma likita ne ke riƙe da ita. Wutar soket kashe mutum take yi. Kada kowa ya ce zai gwada a jikinsa ko a jikin ƙanensa.

Baƙo a asibitocin Paris

A 1842 Dushen ya bar garinsu ya koma Paris, yana ɗan shekara 36. Ba shi da ubangida a cikin manyan likitoci. Kowace safiya sai ya ɗauki akwatinsa ya shiga asibitocin talakawa, yana bi ɗaki-ɗaki, yana neman izinin duba masu shanyewar jiki. Da farko ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Ga shi da harshen mutanen bakin teku, ga shi bai iya tsara jawabi a gaban taro ba. Wasu likitoci da ɗalibansu sun riƙa yi masa kallon baƙauye mai wasa da waya.

Abin da ya bambanta shi da su shi ne naci. Idan ya ga marar lafiya, yakan ɗauki lokaci mai tsawo yana gwada tsoka bayan tsoka, yana rubuta duk abin da ya gani. Idan aka sallami mutumin ya koma wani asibiti, sai ya bi shi can. Wasu ya bi su shekara da shekaru, don ya ga yadda cutar ke canzawa. Likitan da ke zaune a asibiti ɗaya yakan ga cuta a mataki ɗaya. Shi kuwa da yake yawo yake yi, yana ganinta daga farkonta har ƙarshenta.

Sannu a hankali manya suka lura cewa wannan baƙo yana gane abin da su ba su gane ba. Wani babban likita mai suna Trousseau ya ja shi a jiki, ya riƙa yaɗa sakamakon bincikensa a gaban sauran likitoci. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abubuwan da ya rubuta

Da Dushen ya tsaya a kan gani kawai, da iliminsa ya mutu tare da shi. Amma ya rubuta, kuma ya rubuta da yawa. Manyan littattafansa uku ne, dukkansu da Faransanci.

Na farko ya fito a 1855, a kan yadda ake amfani da lantarki a wuri ɗaya na jiki don gano cuta da yin magani. Ya sake fitar da shi a 1861, ya kuma sake a 1872, kowane karo yana ƙara sabon abu yana gyara na baya. Na biyu ya fito a 1862, a kan tsokokin fuska. Na uku ya fito a 1867, a kan yadda gaɓoɓi ke motsi. A cikinsa ya bi tsokokin jiki yana bayyana aikin kowace, har da ƙananan tsokokin tafin hannu da ke sa yatsu su buɗe su rufe. Ya nuna cewa tsoka ba ta aiki ita kaɗai. Duk motsin da muke yi, rukunin tsokoki ne ke haɗa kai, wasu na ja, wasu na riƙewa. Wannan littafi ya daɗe yana amfani, har aka fassara shi zuwa Turancin Ingilishi a 1949, shekara 82 bayan fitowarsa.

Ban da littattafai, ya rubuta maƙaloli a mujallun likitoci, inda ya rarrabe cututtukan da a da ake haɗa su wuri ɗaya. Akwai wata cuta ta manya da tsokoki ke ramewa a hankali, yawanci daga hannu. Wani likita mai suna Aran ya wallafa bayaninta a 1850 da taimakon gwaje-gwajen Dushen, shi ya sa ake haɗa sunayensu biyu a kanta. A 1858 da 1859 ya yi bayanin wata cutar laka da ke sa mutum tangaɗi, alhali ƙarfin ƙafarsa yana nan. A 1860 ya bayyana wata da ke shanye harshe da leɓe da maƙogwaro, har magana da haɗiya su gagara. A 1872 ya yi bayanin shanyewar hannun jariri idan jijiyoyin kafaɗa suka ji rauni wajen haihuwa. Wani likitan Jamus mai suna Erb ya ƙara bayani a 1874, aka haɗa sunayensu.

Ya kuma yi aiki a kan cutar da muka sani sarai a nan, wato shan inna. Ya riƙa gwada ƙafafun yaran da ta kama, don ya gane tsokar da ke da sauran rai da wadda ta tafi. Ya yi hasashen cewa tushen matsalar a laka yake, kuma binciken da aka yi daga baya ya tabbatar da haka. Sai a 1908 aka gano cewa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, allurar rigakafi kuma ta samu a 1955. Dushen bai tsaya ga bayani kawai ba, ya ƙera wasu na'urori na ɗaurawa a hannu da ƙafa don taimaka wa gaɓar da ta shanye.

Labarin zuciya a tambayi fuska

Littafinsa na 1862 shi ne ya fi ban mamaki. Ya riƙa ɗora wayoyinsa a fuskar mutane, yana motsa tsoka ɗaya bayan ɗaya, don ya ga wace ce ke kawo alamar tsoro, wace ce ke kawo mamaki, wace ce ke kawo baƙin ciki. A lokacin ɗaukar hoto sabon abu ne. Ya yi aiki da wani mai hoto, Adrien Tournachon, suka ɗauki kowane yanayi. Wanda ya fi fitowa a hotunan wani tsoho ne marar haƙora, wanda fatar fuskarsa ba ta jin zafi sosai, don haka gwajin bai cika damunsa ba. Wannan littafi yana cikin na farko da aka yi amfani da hoto a binciken likitanci.

A nan ya gano wani abu da kowa zai iya gwadawa. Idan ya motsa tsokar kunci da ke jan gefen baki sama, sai tsohon ya yi kamar yana murmushi, amma murmushin ba shi da rai. Da aka ba tsohon dariya ta gaskiya, sai Dushen ya ga wata tsokar ta shigo, wadda ta zagaye ido. Ita ce ke ɗaga kunci, ta ƙanƙance ido, ta kawo 'yan layuka a gefensa. Ya lura cewa wannan tsoka da wuya take bin umarnin mutum, farin ciki take bi. A yau masana suna kiran murmushin da ido ya shiga cikinsa murmushin Dushen. Ku duba hoton katin shaidarku na makaranta, sannan ku kalli fuskar abokinku ranar da aka ce ya zo na ɗaya, za ku ga bambancin.

Yara maza masu yawan faɗuwa

Yanzu mun zo kan aikin da ya fi ɗaukaka sunansa. A 1858 Dushen ya ga wani yaro mai abin ɗaure kai. Sha-raɓarsa manya ne, kamar na ɗan dambe, amma ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Yana tafiya yana rangaji, yana yawan faɗuwa, in ya faɗi kuma tashi ya zama aiki. Ya rubuta bayaninsa a littafinsa na 1861. A lokacin ya ɗauka daga ƙwaƙwalwa matsalar take, har ya sa hakan a cikin sunan da ya ba cutar.

Amma tambaya ɗaya ta hana shi sakat: yaya tsoka za ta yi girma kuma ta rasa ƙarfi? Don ya ga abin da ke ciki, sai ya ƙera wata siririyar allura mai ɗan ƙugiya, wadda ake shigarwa cikin tsoka ta yanko ɗan mitsitsin nama. Ana kwatanta ta da mashin da masunta ke sukar kifi da shi, kuma ba mamaki, tunda shi ɗan masunta ne. Wasu mutane a lokacin sun soki wannan hanya, suna ganin bai dace a yanki naman mai rai don bincike ba. Shi kuma yana ganin idan aka jira sai mutum ya mutu, ƙarshen cutar kawai za a gani.

Da ya duba naman a na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa, sai ya ga kitse da wani nama mai kama da tabo sun cika tsakanin zaruruwan tsoka. Ashe girman na ƙarya ne. A 1868 ya wallafa dogon bayani a kan yara 13 masu wannan cuta. Ya nuna cewa tana farawa tun ƙuruciya, ta fi kama maza, tana kuma ƙaruwa a hankali. Ya ajiye sunan farko, ya ba ta sabon suna mai nuna cewa shanyewar tsoka ce mai girman ƙarya. Wato da hujja ta nuna masa ya yi kuskure, ya gyara a rubuce, inda kowa zai gani.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta. Ba Dushen ne ya fara bayyana wannan cuta ba. Wani likita a Ingila, Edward Meryon, ya wallafa bayaninta tun 1852. Ya ga tana bin dangi, tana kama 'ya'ya maza, kuma da ya duba lakar wani yaro da ya rasu ya same ta lafiya lau. Amma bayanin Dushen ya fi yaɗuwa, sunansa ya zauna a kan cutar. Mu 'yan jarida ne, shi ya sa muka ga ya wajaba mu ba kowa haƙƙinsa.

Waɗanda suka ɗora daga inda ya tsaya

Babban wanda ya amfana da Dushen shi ne Sharko, wanda ake rubutawa Charcot. Dushen ya girme shi da shekara 19. Sharko ya buɗe masa ƙofar babban asibitin Salpêtrière, suka yi aiki tare, ya koyi yadda yake gwada marasa lafiya da yadda yake amfani da hoto. Daga baya Sharko ya zama babba ƙwarai, har a 1882 aka ƙirƙiri kujerar farfesa ta cututtukan jijiyoyi aka ba shi. Duk da wannan matsayi, yana kiran Dushen malaminsa. Ɗalibai daga ƙasashe da dama sun yi karatu a wurin Sharko, don haka hanyar Dushen ta bi su zuwa ƙasashensu.

A Ingila, Charles Darwin ya yi amfani da hotunan Dushen a littafinsa na 1872 a kan yadda mutum da dabba ke nuna abin da ke ransu. A 1879 wani likitan Ingila, Gowers, ya yi cikakken bayanin yadda yaro mai cutar Dushen ke tashi daga ƙasa. Yakan kifa, ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, sannan ya bi cinyarsa da hannu har ya miƙe. Har yau likitoci suna duba wannan alama.

Amsar tambayar Dushen ba ta fito ba sai fiye da shekara 100 bayan mutuwarsa. A 1986 masu bincike a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Louis Kunkel, suka gano ƙwayar gadon da ke da matsala. A 1987 aka gano furotin ɗin da take samarwa, aka sa masa suna distirofin. Aikinsa shi ne ya kare zaren tsoka daga yagewa lokacin da take tsukewa. Yaron da ba shi da shi, tsokarsa tana lalacewa kaɗan-kaɗan, kitse yana maye gurbinta, daidai abin da Dushen ya gani.

An kuma gane dalilin da ya sa maza take kamawa. Wannan ƙwayar gado tana kan wani zare da ake kira X. Mace tana da X biyu, in ɗaya ya sami matsala ɗayan ya rufa mata asiri. Namiji X ɗaya gare shi. Ta bambanta da sikila, wadda sai an gado daga uwa da uba duka. Wani lokaci ma canjin a kan yaron yake farawa, ba tare da kowa a dangi yana da shi ba. Don haka babu dalilin zargin uwa, kamar yadda aka zargi Dushen a kan abin da ba shi da iko a kai.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan shekaru masu yawa, ɗansa ya dawo gare shi a Paris. Shi ma ya zama likita, har ya yi rubutunsa na kammalawa a kan shan inna a 1864. Uba da ɗa suka yi aiki tare. Amma a 1871 zazzaɓin taifot ya kashe ɗan, abin ya girgiza tsohon ƙwarai. Dushen ya rasu a Paris ranar 15 ga Satumba, 1875, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, saura kwana biyu ya cika shekara 69. Har ya mutu bai zama farfesa ba. A yau ana lissafa shi cikin waɗanda suka kafa ilimin cututtukan jijiyoyi da tsoka.

Inda abin ya shafe mu

Cutar Dushen ba ta Turawa kaɗai ba ce. Tana kama kusan yaro namiji ɗaya a cikin 3,500 zuwa 5,000 da aka haifa, kuma ana samunta a kowace ƙabila. Alamominta sukan bayyana tsakanin shekara 2 zuwa 5: jinkirin fara tafiya, yawan faɗuwa, kasa gudu da hawa matakala, tafiya a kan yatsun ƙafa, da manyan sha-raɓa. Da yawa sukan koma kan keken guragu wajajen shekara 12. Daga baya takan taɓa zuciya da numfashi.

Ta bambanta da shan inna. Shan inna takan zo farat ɗaya, sau da yawa bayan zazzaɓi, ta fi taɓa ɓangare ɗaya, ƙafar kuma ta rame. An yi nasara a kanta da rigakafi, har a watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayarta. Cutar Dushen kuwa a hankali take zuwa, tana taɓa ɓangarorin biyu, ba a ɗaukarta daga wani, kuma allurar rigakafi ba ta hana ta. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Amma akwai gwajin jini da ke nuna alamarta, akwai magunguna da ke rage saurinta, akwai motsa gaɓoɓi a asibiti da kula da zuciya da numfashi. Da irin wannan kulawa, da yawa suna kaiwa shekara 20 da 30. Shi ya sa zuwa asibiti da wuri yake da muhimmanci. Ranar 7 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai a kan cutar, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar a 2023.

Yanzu sai mu tambayi kanmu. Idan yaro yana faɗuwa a filin wasa kullum, ko shi ne na ƙarshe a kowane tsere, me muke yi? Sau da yawa dariya muke yi, mu sa masa suna. A gida wani ya ce lalaci ne, har a kai ga duka. Wani ya ce iska ce ko sammu, a yi ta yawo har lokaci ya ƙure. Ba kowane mai faɗuwa ne ke da wannan cuta ba, likita ne kaɗai zai tantance. Namu shi ne mu lura, mu gaya wa malamin aji ko iyaye, mu ɗauki jakar wanda ya gaza, mu bar masa wurin zama kusa da ƙofa.

Muna kuma kira ga masu burin zama likitoci a cikinmu. Dushen ya soma ne da ido, da littafin rubutu, da haƙuri, kuma waɗannan ukun muna da su. Ya dubi mutanen da aka fid da rai a kansu, ya rubuta abin da ya gani, ya gyara inda ya yi kuskure. Maganin cutar da ke ɗauke da sunansa har yanzu ana nemansa, kuma babu inda aka rubuta cewa mai gano shi ba zai fito daga makarantar gwamnati irin tamu ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman malamanmu na kimiyya, ƙofarmu a buɗe take. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.